Alkukin Tagulla na Ingila da Abin da Adonsa Yake Nunawa

Kalmar kyandir aro ce daga Ingilishi. Ta bi hanyar da tebur da fensir suka bi, wato harafin l na ƙarshe ya koma r, farkonta kuma ya zama ky kamar a kyaftin. Abin da ake kafa kyandir a kai kuwa ba a aro masa suna daga Ingilishi ba. Alkuki asalinsa gurbi ne a bangon ɗaki inda ake ajiye fitila, daga baya ma'anarsa ta faɗaɗa har ta haɗa da mazaunin kyandir.

A unguwannin zango na Akara, kamar Nima da Maamobi, Hausa ce harshen ciniki, kuma Hausawa sun daɗe da yin suna a dillancin tsofaffin kaya a Afirka ta Yamma. Littafin Christopher Steiner na 1994, African Art in Transit, ya bayyana irin wannan sana'a a Abijan. Babbar matsalar dillali ita ce rarrabe tsohon gaske da sabon da aka dusashe don ya yi kama da tsoho, domin kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Alkukin Ingila misali ne mai kyau na yadda ake karanta shekarun abu a jikinsa.

Tagulla haɗi ce ta jan ƙarfe da tutiya. An kafa masana'antarta a Biristol a 1702, daga baya Bamingam ta zama cibiyar sana'ar. Daga irin waɗannan masana'antu ne tasoshi da mundaye suka riƙa zuwa gaɓar tekun Afirka ta Yamma, ana musayarsu da zinariya da bayi. Ƙyallin wannan ƙarfe yana da tarihi mai ɗaci ke nan.

Yawancin abin da ido yake ɗauka ado ne, bukata ce ta haife shi. Talakan Ingila da kyandir na kitse yake amfani, mai saurin narkewa da ɗiga. Saboda haka alkukin ƙarni na 17 yake da faffaɗan faifai a tsakiyar sandarsa don tare kitsen. Kyandir kuma yana da tsada, har haraji aka ɗora masa daga 1709 zuwa 1831, don haka ba a zubar da guntunsa. Da farko akan huda kofin da kyandir yake zama a ciki don a zaƙulo guntun da tsinke. Daga baya aka sa sandar ƙarfe a cikin alkukin, a tura ta daga ƙasa guntun ya fito. Ƙulle-ƙullen da ke jikin sandar su ma suna hana ta suɓuce wa hannu.

Gindi shi ne ya fi bin yayi. A zamanin Sarauniya Anne, 1702 zuwa 1714, mai kusurwa takwas aka fi so. A tsakiyar ƙarnin sai ya koma kamar buɗaɗɗen fure. Wajen 1770 aka koma ga gindi mai kusurwa huɗu da sanda mai kama da ginshiƙin ginin Girka. A zamanin Sarauniya Biktoriya kuwa aka yi ta zuba masu siffar amyar zuma da ta lu'ulu'u, da yawan gaske, shi ya sa ba su da tsada sosai.

Sai dai ado kaɗai ba hujja ba ne, tun da maƙeri yana iya kwaikwayon kowane yayi. Ƙira ce ta fi wuyar ɓoyewa. A mafi yawan ƙarni na 18 rabi biyu ake zubawa a haɗe su da wuta, saboda haka akan ga siririn layi daga sama har ƙasa. Wajen 1780 aka fara zuba sandar a dunƙule, layin ya ɓace. Gwanin dillali yakan kife alkukin ya duba ƙarƙashinsa: tsohon yana da santsi da zoben gurza, na kwaikwayo kuwa sau da yawa kaushin yashin zubi yana nan, kuma ya fi nauyi a hannu.