Injunan Iska Na Lambar Rimi

Iskar nan da ke yaye mana jinka da farkon damina, ta cika mana ido da ƙura da hunturu, ashe ana iya sa ta aiki. A Lambar Rimi, kusa da birnin Katsina, an shirya kafa injuna 37 domin su mai da iska wutar lantarki.

Yaya abin yake? Mu tuna da fitilar keke. Taya tana juya ɗan dainamo, sai fitila ta kama. Haka nan iska takan juya fukafukan inji, su kuwa su juya babban dainamon da ke bayansu. Kowane inji yana da fukafukai biyu, bisa dogon ƙarfe mai tsawon mita 55, gama iskar sama ta fi ta ƙasa gudu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta yakan ninka takwas. Sa'ad da iska ta yi kyau, injunan duka za su iya ba da megawat 10, watau abin da zai kunna ƙwan lantarki 100,000 masu wat 100. In ta kwanta kuwa, su ma sai su huta.

An soma maganar aikin a 2005, lokacin da Umaru Musa 'Yar'aduwa yake gwamnan Katsina. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, ta ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangila. Ana cikin aiki, a Disamba 2012, 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a garin Rimi. Sai a Nuwamba 2013 ya kuɓuce musu. Aiki ya tsaya, har aka haura shekara goma da somawa ba a gama ba.

A shekarun nan duka iska ba ta fasa busawa ba ko sau ɗaya. Zaman lafiya ne ya yi ƙaranci, da kuma 'yan ƙasa masu sanin injin ciki da waje. Iska kyauta ce, amma inji yana bukatar mai, da gyara, da mai gadi. To, iyaye, in yaro ko yarinya ta nuna son lissafi da aikin hannu, kada mu hana su makarantar koyon sana'a. Ba a fafe gora ran tafiya.