Madannan Sitiyari Sun Ƙi Aiki: Ashe Dokar Ohm Ce A Ciki

A hutun da ya wuce muka raka kawunmu gareji a nan Daura. Ya sayo sitiyari na hannu mai madannai daga Kano, aka ɗaura wa Corolla ɗinsa, don ya riƙa rage murya ko sauya tasha ba sai ya ɗauke ido daga titi ba. Kullum yana kan hanyar Kazaure. To amma ko ya danna, shiru. Har ya fara lissafin kuɗin sabon rediyo mai allo.

Mai wayarin ya ce, "Alhaji, dakata tukuna." Ya ɗauko mita ya gwada. Ashe kowane madanni da resistarsa daban. In ka danna, ƙarfin wutar da ke isa rediyo sai ya sauya, da haka rediyon ke gane ko ƙari ake so ko ragi. Dokar Ohm ke nan, V = IR, wadda muka haddace a ajin Fiziks don WAEC kawai.

Madannan lafiyarsu lau, rediyon da motar ta zo da shi ma haka. Matsalar tana wata naɗaɗɗiyar waya a bayan sitiyari, mai juyawa tare da shi. Ta kawu hon da jakar iska kaɗai take ɗauka, ba ta da layin madannai. Ita aka sauya, aka ja waya zuwa bayan rediyo.

Kafin ya taɓa sitiyarin sai da ya cire kan batir, ya ɗan jira. Wayoyi masu ruwan ɗorawa na jakar iska ne, ya ce kada mu kuskura mu sa musu mita.