Wutar Lantarki Daga Buntun Shinkafa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga wani shuɗin harshen wuta yana rawa bisa gawayi in an yi zuga. Wata iska ce da ke fitowa daga cikin gawayin ta ke ci, ita ce kuwa mu ke so mu yi wa malamai bayaninta yau.

In aka zuba buntun shinkafa, ko totuwar masara, ko ɓawon gyaɗa cikin babbar tukunyar ƙarfe, aka kunna, kana aka rage iskar da ke shiga, sai abin ya riƙa ci a hankali ba ya tashi da harshe. Da zafi ya kai wajen digiri 800 sai ya fid da gas mai ɗauke da kabon monoksaid da haidurojin, dukansu masu kamawa da wuta ne. A kan sanyaya gas ɗin, a tace shi, a tura shi cikin inji maimakon mai, injin kuma ya juya janareto. Dabarar tsohuwa ce. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, da fetur ya yi wuya a Turai, motoci dubbai da gas ɗin itace da gawayi su ka yi tafiya. Da fetur ya samu sai aka yar da ita.

A jihar Bihar ta ƙasar Indiya an sāke gwada ta a ƙauyuka. Ran 15 ga Agusta, 2007, wani injiniya mai suna Gyanesh Pandey da abokinsa Ratnesh Yadav su ka kunna wa ƙauyen Tamkuha wuta da buntu, daga nan kamfanin Husk Power Systems ya samo asali. Injinsu mai ƙarfin kilowat 32 ya kan ci buntu kamar kilo 50 cikin awa guda, ya haskaka gidaje ɗaruruwa da dare. Baƙin da ya rage kuwa mata su ka riƙa yin turaren tsinke da shi.

Buntu ya fi kara dacewa da wannan aiki, don kara yana da masu shi: darni, da abincin dabbobi, da girki. Buntu kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shinkafa samfarera, ga shi nan tuli a bayan injunan casa, kamar yadda mu kan gani a Kura.

Amma fa kada wani malami ya gaya wa yara wuta ce ta kyauta. Gas ɗin yana tafe da kwalta mai danƙo, in ba a wanke matata a kai a kai ba sai ta liƙe inji ya tsaya. Ruwan da aka wanke gas da shi yana ɓata rijiya in an zubar da shi barkatai. Kabon monoksaid kuma guba ne marar wari, ya kan kashe mutum a rufaffen ɗaki. Saboda haka ne mutanen Bihar su ka buɗe wurin koyar da masu kula da inji, mu kuwa a ganinmu wannan shi ne rabin aikin, shi ne kuma inda makarantun sana'a na ƙasarmu za su iya sa hannu.

Daga baya, da farashin farantan hasken rana ya faɗi, kamfanin ya haɗa su da buntu: rana ta yi aikin yini, buntu ya karɓi dare. Sa'ad da ya buɗe ƙananan tashoshi shida a Jihar Nasarawa cikin 2021, da hasken rana ya fara.