Rufin Rumfar Tanderu a Yammacin Zamfara

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba wani ɗan ɓangare na ginin gargajiya wanda manazarta ba su cika kula da shi ba, watau rufin da ake yi wa tanderu da sauran wuraren gashi na waje a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum. Tanderu dai wata babbar tukunyar yumɓu ce da ake girkewa a yaɓe ta, a hura wuta a ciki, sa'an nan a manna gurasa a jikinta. Ana danganta kalmar da "tannur" ta Larabci. Masu burodi kuwa gina nasu suke yi da tubali. Ko wanne ne, rumfa ake yi masa, wadda a bakin Bazamfare "fa" ɗinta kan koma "hwa".

Wahalar wannan rufi ita ce ana neman abu biyu masu karo da juna a wurinsa. Dole ya tare ruwa, domin yumɓun da ya sha zafi idan ruwan sama ya sauka a kansa tsagewa yake yi, jarin mai sana'a ya tafi a dare ɗaya. Dole kuma ya bar hayaƙi da zafi su fita. Rufin da ya rufe ruf, ya tsare ruwa amma ya shaƙe mai gashi. Wanda ya buɗe da yawa kuwa, sunan rufi kawai ya ci.

Magina sun warware wannan ta hanyar lura da inda hadari ke tasowa. A wannan yanki daga gabas yake zuwa da iska mai ƙarfi, musamman a farkon damina da ƙarshenta. Saboda haka akan tayar da katanga ko a kafa zana mai kauri ta gabas, a bar yamma a buɗe, a kuma ɗaga bakin rufin ta can domin hayaƙi ya sami mafita. Wannan katanga tana da amfani har a hunturu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke ɗaukar tartsatsi ta kai shi dangar maƙwabta.

Mafi arha shi ne jinka. A kafa dirkoki masu gwafa, a gitta itatuwa, a ɗora tsaiko, a baibaye da yantaccen shuci. Jinka na da sanyi, kuma kunkunniyar da hayaƙi ke shafa mata tana korar ƙwari. Amma fa ciyawa ce a kan wuta. In ba a ɗaga ta nesa da bakin tanderu ba, ba a kuma kakkaɓe kunkunniyar a kai a kai ba, gobara na tafe, ga rumbunan hatsi a kusa. Da ma Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A ganina rufin ƙasa shi ya fi cancanta da wannan aiki, ko da yake ya fi tsada. Ana jera azara, watau tsagin giginya, wadda gara ba ta cika cin ta ba, a shimfiɗa zana a kai, a bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin ƙafa 6, don haka sai an sa ginshiƙi, ko kuwa a fito da guntayen azara daga katanga a rage tazarar. A bar tagogi a can ƙarƙashin rufin don hayaƙi, a karkata saman kaɗan, a sa indararo mai tsawo wanda zai zubar da ruwa nesa da gindin katanga. Kwano kuwa, wanda ya yawaita yanzu, ba ya kama wuta, amma yana mayar da zafi kan mai gashi, hayaƙi na gaggauta tsatsarsa, iskar farkon damina kuma kan yaye shi in ƙusa ba ta kama ba.

Akwai wani abu da magabata ba su san da shi ba. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, kuma yara kimanin 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka sauya wata. Rufin ƙasa kan yi zubar ƙura a hankali, kuma abinci ne a ƙarƙashinsa. Don haka a wannan yanki, tun kafin a yi cinikin azara, wajibi ne magini ya tambayi ramin da za a ɗebo ƙasar, ya kuma ƙi duk wadda ta fito daga kusa da wurin niƙa ko wankin zinariya.