Agwagin bogi: Yadda maharban Amurka ke yaudarar tsuntsu ya sauko daga sama

Tun kafin gari ya waye, daga watan Nuwamba zuwa Janairu, maharba a yankin Stuttgart na jihar Arkansas da ke Amurka kan kutsa cikin gonakin shinkafa da aka cika da ruwa, kowa da buhu a kafaɗa. Buhun cike yake da agwagin roba. Za su jera su a kan ruwa, su ɓuya a cikin ciyawa, su jira garken agwagin daji da sanyin arewa ya koro.

Agwagwar daji ba ta son sauka inda babu 'yan uwanta. Idan ta hango wasu zaune lafiya a kan ruwa, sai ta ɗauka akwai abinci kuma babu haɗari. Da wannan halin nata ake cin ta da yaƙi, kamar yadda maharbin ƙasar Hausa ke ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya, namun daji su zaci tsuntsu ne ke kiwo.

Daga ciyawa zuwa roba

Dabarar ta daɗe. A shekarar 1924 masu binciken kayan tarihi sun tono agwagin bogi 11 a kogon Lovelock da ke jihar Nevada. 'Yan asalin ƙasar ne suka saƙa su da ciyawar fadama, suka liƙa wa wasu gashin tsuntsu, kimanin shekara 2,000 da suka wuce.

Daga baya aka koma sassaƙa su da itace, musamman a gaɓar tekun gabashin Amurka, inda garin Havre de Grace na jihar Maryland ke da gidan tarihi na agwagin bogi. Tsofaffin na itacen yanzu sun zama dukiya: a 2007 an sayar da guda biyu, agwagwa da dinya, da masassaƙi Elmer Crowell ya yi, kowace a kan dala miliyan 1.13. Maharbin yau kuwa na roba yake saye, dozin-dozin.

Wace iri za a saya?

Zaɓin yana farawa ne da sanin agwagwar da ke zuwa wurin. Akwai masu kiwo a ruwa maras zurfi, waɗanda ke tsoma kai su bar bindi a sama, irin su mallard, wadda toronta ke da koren kai. Su a ƙananan ƙungiyoyi suke zama, don haka dozin ɗaya ko biyu kan wadatar a ɗan ƙaramin tafki.

Akwai kuma masu nutso, irin su canvasback, da ke taruwa da yawa a manyan tafkuna. Su sai an baza gommai, wani lokacin fiye da ɗari, a ɗaure a jikin dogayen igiyoyi.

Launi ma yana da tasiri. Fari da baƙi sun fi fitowa daga nesa, shi ya sa ake saka 'yan ƙalilan masu farin ƙirji a gefen jeri. A farkon kakar farauta toron bai gama fitar da launinsa ba, sai a yawaita masu kamar mata, ruwan ƙasa-ƙasa.

Babban abin gudu shi ne ƙyalli. Robar da fentinta ya goge, ko wadda raɓa ta daskare a bayanta, tana walƙiya idan rana ta fito, kuma wannan kaɗai ya isa ya juyar da garke. Haka igiyar da ke riƙe da nauyin da ke ƙasa: idan ta gaza zurfin ruwan, agwagwar za ta karkace ko ruwa ya tafi da ita.

Iska ce ke tsara komai

Agwagwa tana sauka ne tana fuskantar iska, kamar jirgin sama. Saboda haka maharbi kan zauna iska na bugun bayansa ko gefensa, tsuntsayen su taho ta gabansa.

Yawanci ana jera agwagin bogin a siffar harafin U ko J, a bar fili a tsakiya, bakin filin yana kallon inda iska ta nufa. Wannan filin shi ne zuciyar aikin. Agwagwa ba ta son tsallake kan wasu kafin ta sauka, kuma ba ta sauka inda babu sarari. Wanda ya cike gabansa da roba zai ga garken ya sauka can nesa, inda harsashi ba ya kaiwa.

Ana barin filin kamar mita 20 zuwa 25 daga maɓoya. Da yawa kan ajiye agwagwa ta ƙarshe a wajen mita 35 ta zama alama: duk tsuntsun da ya wuce ta, a ƙyale shi. Harbi daga nesa yakan raunata tsuntsu ne kawai, ya je ya mutu a cikin ciyawa ba mai amfana da shi.

Tazara tsakaninsu ma magana ce. Agwagin da suka tsorata ne ke cunkushewa wuri guda, masu kwanciyar hankali kuwa a warwatse suke. Ranar da babu iska, robar kan tsaya cik, ruwan ya kwanta, sai a ɗaura wasu a igiya maharbi ya riƙa fizga daga maɓoyarsa don ruwan ya motsa.

Inda doka ta ja layi

Yaudarar tana aiki sosai, har ta kai hukuma ta sa mata iyaka. A ƙarshen ƙarni na 19, masu farautar kasuwa sun riƙa kashe agwagi ba adadi suna kai wa gidajen abinci na birane. Dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta kawo ƙarshen wannan ciniki.

Farin da aka yi a shekarun 1930 ya busar da fadamun da agwagi ke ƙyanƙyasa, yawansu ya faɗi warwas. A 1935 gwamnatin tarayya ta haramta ɗaure agwagwa mai rai don ta kira 'yan uwanta, abin da ya bar wa maharba na bogi kawai. Shekara guda kafin nan aka fito da kan sarkin farautar agwagwa, wanda duk maharbi mai shekara 16 zuwa sama dole ya saya. Da dala ɗaya aka fara, yanzu dala 25 ne, kuma kusan duka kuɗin na tafiya ne wajen saye da kare fadamu.

Muhawarar ta sake tasowa a ƙarshen shekarun 1990, da aka fito da agwagwar bogi mai batir wadda fikafikanta ke juyawa. Walƙiyar fikafikan na jawo tsuntsaye daga nesa, musamman ƙanana da ba su taɓa jin ƙarar bindiga ba. Masu goyon baya na cewa ai doka ta ƙayyade adadin da mutum zai harba a rana, shida ko bakwai a yawancin jihohi. Masu adawa na cewa na'ura ta ƙwace aikin da ƙwarewa ya kamata ta yi. Jihohi irin su Oregon da Washington sun hana amfani da ita, wasu kuma sun bari.

Agwagin su ma suna koyon darasi. Garken da ya taso daga Kanada ya ratsa jihohi da dama ya ga jerin roba iri-iri kafin ya iso Arkansas. Shi ya sa a ƙarshen kaka gogaggun maharba kan rage yawan abin da suke bazawa, wani lokacin su bar guda shida kacal a wani lungu da iska ba ta dukansa, su kuma rage busa usur ɗin kira.