Abin lura kafin cin sushi a bakin teku

A garuruwan gaɓar tekun Japan, ƙananan gidajen abinci kan sayar da sushi, wato dunƙulen shinkafa mai ruwan khal da ake ɗora wa yankan kifi, galibi ɗanye.

Kamo kifi da sassafe ba ya kawar da haɗarinsa. Tsutsar Anisakis na rayuwa a jikin kifaye irin su dangin titus, kuma tana haddasa matsanancin ciwon ciki da amai. Ruwan khal ko gishiri ba sa kashe ta.

Ma'aikatar Lafiya ta Japan ta ba da shawarar a dafa kifin sosai, ko a daskarar da shi a digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla sa'o'i 24. Saboda haka ya dace mai saye ya tambaya ko an daskarar da shi.