Ɗalibi a Birnin Kano: A Nema Masa Mai Masauki Tun Kafin Ya Tashi

Kowace shekara matasa daga ƙauyukanmu, na Sumaila da Tudun Wada da Rogo, har da na wajen Malumfashi da Kafur, sukan sami gurbin karatu a Kano. Wasu a Jami'ar Bayero, wasu a kwalejin fasaha, wasu kuma a makarantun koyon aikin jinya. Iyaye su sayar da hatsi ko awaki su haɗa kuɗin makaranta, a yi addu'a, yaro ya hau mota. Amma akwai tambaya ɗaya da akan manta da ita: idan ciwo ya kama shi da dare, wa zai sani?

A ƙauye, in ba a ga yaro da safe ba, maƙwabta za su leƙa ɗakinsa. A birni ba haka ba ne. Mutum yana iya tsayawa a Titin Ibrahim Taiwo, kusa da Kantin Kwari, dubban mutane su wuce shi, babu ko ɗaya da ya san sunan mahaifinsa. Wannan kaɗaici shi ne tushen yawancin matsalolin ɗalibi. Yunwa da bashi da miyagun abokai sun fi kama wanda ba shi da mai tambayar lafiyarsa.

Dabarar mutanen da

Kano ta daɗe da sanin baƙi. Fagge, wadda wannan titi ya ratsa, tun asali zangon fatake ce a bayan ganuwa, inda Buzaye da raƙumansu suke sauka. Bafatake ba ya shiga gari haka kawai. Yana da fatomansa, wato mai masaukin da zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa in rigima ta taso. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari wajen 1913 domin baƙin ma'aikata da 'yan kasuwa. Su ma da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da majami'u suka riƙe juna. Ɗalibin yau yana bukatar irin wannan mai masauki: babban mutum ɗaya, namiji ko mace, wanda ya san ɗakinsa, kuma yana da lambar wayar iyayensa.

Wurin kwana

Yawancin iyaye sun fi son Sabon Gari, domin majami'u suna da yawa a can, kuma akwai 'yan gida. Amma a yi lissafi tukuna. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero yana can hanyar Gwarzo, da nisa ƙwarai. Kuɗin mota na kullum zai iya cinye kuɗin abinci. In an sami ɗakin kwanan ɗalibai a cikin makaranta, ya fi. In haya za a kama, akan biya kuɗin shekara ne gaba ɗaya, ga kuma la'adar dillali. Kada a biya ko kwabo sai mai masauki ya ga ɗakin, ya ga mai gidan ido da ido, an kuma karɓi rasit. A tambayi batun ruwa, gama a unguwanni da yawa wurin 'yan garuwa ake saye.

Abinci da kuɗi

Garin tuwo, wake, daddawa da kuka daga gida sun fi kuɗi a hannu daɗewa. Ya fi kyau a riƙa aika kuɗi kaɗan kaɗan kowane wata, maimakon a ba shi na zango duka. Tun 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba ɗaliban manyan makarantunta da na jihohi rancen karatu ta asusun NELFUND. Ɗalibi ya tambaya a ofishin kula da ɗalibai, kada ya ba kowa kuɗi wai don a cike masa.

Zirga-zirga da zama da mutane

An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun 2013, saboda haka A Daidaita Sahu ake hawa. Ɗalibi ya koma ɗaki da wuri, musamman 'yan mata. Ranar Jumma'a da tsakar rana hanyoyin da ke kewaye da Masallacin Fagge sukan cika, sai a tsara fita kafin lokacin ko bayansa. Jihar Kano tana bin shari'ar Musulunci tun 2000, kuma akwai hukumar Hisba. Sa tufafin mutunci da gaisuwa suna buɗe ƙofofi da yawa. A guji gardamar addini, a aji ne ko a Facebook da WhatsApp. Sau da yawa maƙwabci Musulmi ko mai shagon bakin layi shi ne zai fara kai ɗauki ran da ciwo ya zo, in dai an saba gaisawa.

Lafiya

A makon farko ɗalibi ya yi rajista a asibitin makaranta. Ya tafi da gidan sauro. Lokacin zafi, daga Maris zuwa Mayu, shi ne lokacin sanƙarau: zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba abin jira ba ne, a tafi asibiti nan take. Akwai kuma ciwon da ba a gani. Yaron da ya daina kiran gida, ba ya barci, ba ya zuwa aji, ba taurin kai yake yi ba. Yana bukatar wanda zai zauna ya saurare shi.

Abin da ikilisiya za ta iya yi

- Fasto ya rubuta wa ɗalibi takardar gabatarwa zuwa ga wata ikilisiya a Kano.
- A haɗa shi da ƙungiyar ɗalibai Kirista ta makarantarsa, kamar FCS.
- Zumuntar mata ta tara mudu mudu na hatsi a farkon kowane zango.
- A zaɓi dattijo ɗaya da zai riƙa kiran ɗaliban kowane mako.
- Mai zuwa sarin kaya Kantin Kwari ko kasuwar Singa ya ratse ya ga yaran. Zumunta a ƙafa take.

Tambayoyi don tattaunawa

1. 'Ya'yanmu nawa ne suke karatu a birni yanzu?
2. Mun san sunan mai masaukin kowannensu?
3. Wane ne ba a ji muryarsa ba a watan nan, kuma wa zai kira shi yau?